Tallafin karatun jami'a: shin ɗan talaka yana samu ba tare da ya san kowa ba?

Abban_Sadiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san a wannan zaure akwai malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati, da waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje, shi ya sa na kawo tambayata nan. Kowace shekara muna ganin sanarwar tallafin karatu, wani na gwamnatin jiha, wani na tarayya, wani na kamfanoni, wani kuma na ƙasashen ƙetare, amma idan mutum ya zaga unguwanninmu na Kaduna irin su Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Hayin Banki, da wuya ya sami gidan da za a nuna masa a ce ga yaron da ya samu. Abin da jama'a suke faɗa shi ne sai mai hanya, wato ɗan wane ko yaron wane. Ina da ƙanne da suke shirin shiga jami'a, ba na so in sa musu rai da abin da babu shi, ba na kuma so in kashe musu gwiwa a kan abin da yake akwai. Ina roƙon wanda ya gani da idonsa ya gaya mana: shin ɗan talaka yana samu ba tare da ya san kowa ba? Idan yana samu, ta wace ƙofa ake shiga, kuma yaushe ake fara shiri?

Ɗan_Rigasa

Wa alaikumus salam. A ganina maganar jama'a ba ta faɗi ƙasa banza ba. A layinmu akwai yaran da suka fita da sakamako mai kyau, sun cika fom sun gaji, har yau ko saƙon waya ba su samu ba, yanzu wasunsu suna tuƙa Keke Napep. Wanda ya ga haka da idonsa, zai yi wuya a shawo kansa cewa ana yin adalci.

Malam_Samaru

Malam Abban Sadiya, Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe wannan magana. Ni malami ne a Zariya, kuma ina cikin masu rubuta wa ɗalibai wasiƙar shaida idan za su nemi irin wannan tallafi, saboda haka ina ganin masu samu ina kuma ganin masu rasawa. Bai kamata a yi wa abin kuɗin goro ba. Akwai tallafin da mutum ɗaya ne yake zama ya tsara sunaye, kamar wanda ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma yake raba wa 'yan mazaɓarsa, kuma a wannan kam sanayya tana aiki, babu mai musun haka. Akwai kuma wanda ake nema ta intanet, a tace masu nema da makinsu, a kira su jarrabawa a kan kwamfuta, kuma wanda yake duba sakamakon yana Legas ko Abuja, bai taɓa jin sunan mahaifin yaron ba. A wannan rukuni na biyu na ga 'ya'yan masu gadi da 'ya'yan manoma sun samu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin iyaye ba su san cewa mafi yawan tallafin cikin gida ba a ba wa sabon shiga ba. Tallafin Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya sai ɗalibi ya kai shekara ta biyu, kuma ana neman CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi gaba ɗaya, na 4.0 a cikin 5.0. Na Gidauniyar MTN ga masu karanta kimiyya da fasaha ana nemansa ne a aji uku, da CGPA aƙalla 3.5, suna ba da naira 300,000 a shekara har ɗalibi ya gama muddin makinsa bai faɗi ba. Ma'anar wannan ita ce zangon farko na aji ɗaya shi ne yake buɗe ƙofa ko ya rufe ta. To yaron da ya fito daga makarantar gwamnati yakan cinye wannan shekarar yana neman wurin kwana, yana fama da Turancin lakca, yana jiran kuɗin abinci daga gida, kafin ya farga makinsa ya tsaya a 2.8, kuma ɗaga shi daga nan zuwa 4.0 aiki ne mai wuyar gaske. Don haka amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce, ana fara shiri ne tun ranar da aka shiga aji na farko.

Maman_Ilham

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai bayaninka ya ƙara tayar mini da hankali, domin idan duk waɗannan sai an shiga an yi shekara guda, to da me za a shiga? 'Yata ta sami gurbi, mahaifinta ya rasu, kuma kuɗin rajistar farko shi ne ya tsaya mana. Mu irinmu a bakin ƙofa muke tsayawa, ba mu kai ga maganar maki ba.

Sakataren_Kawo

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ga wanda yake bakin ƙofa, abin da yake akwai a yanzu shi ne asusun lamunin ɗalibai na NELFUND. An sake sa hannu a kan dokarsa a watan Afrilu na 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na 2024. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN da shaidar samun gurbi, kuma sai makarantar ta tura sunan ɗalibi kafin shafin ya gane shi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, shi kuma ɗalibi ana ba shi naira 20,000 a wata idan ya nemi na ɗawainiya. Sabuwar dokar ta cire sharaɗin kawo mai tsaya wa mutum, wanda shi ne ya sa dokar farko ta 2023 ta gagari talaka. Makarantun gwamnati kaɗai abin ya shafa, na tarayya da na jihohi.

Idan makarantar jiha ce, ki kuma tuna cewa a watan Agusta na 2023 gwamnatin Uba Sani ta rage kuɗin KASU, wato Jami'ar Jihar Kaduna, daga naira 150,000 zuwa 105,000. Har yanzu kuɗi ne mai nauyi ga marainiya, amma ya fi sauƙi a kan yadda aka bar shi bayan ƙarin 2021 da ya sa ɗalibai suka fito zanga-zanga. Ki sa ta riƙa bibiyar sanarwar Hukumar Tallafin Karatu da Lamuni ta Jihar Kaduna, domin suna da rukunin mabuƙata ban da na masu hazaƙa.

Ɗan_Rigasa

Malam Sakatare, da girmamawa, Abban Sadiya tallafi ya tambaya, kai kuma bashi ka kawo. Yarinyar da ba ta da uba za ta fito daga jami'a da bashi a wuyanta a ƙasar da masu digiri suke yawo babu aiki.

Ustaz_Badarawa

Mutane da yawa sun tambaye ni hukuncin wannan lamuni, don haka bari in faɗi abin da na fahimta. Bisa abin da dokar ta tanada babu kuɗin ruwa a cikinsa, abin da aka ba ka shi za ka mayar, kuma bashin da babu ƙari a kansa halal ne, ba ya cikin riba. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashin wanda ya sami aiki. Amma ɗan'uwa Ɗan Rigasa yana da gaskiya ta wata fuska, domin bashi amana ce mai nauyi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga gare shi. Abin da nake ja wa matasa kunne a kai shi ne masu cewa kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, ba za mu biya ba. Wanda ya karɓa da niyyar ƙin biya ya ɗauki alhaki, ya kuma toshe wa na bayansa. Shawarata ga Hajiya ita ce yarinyar ta karɓi na kuɗin makaranta don ta shiga, ta dage a shekarar farko, idan Allah ya ba ta tallafin da ba a biya sai ta daina karɓar bashin.

Sakataren_Kawo

Na yarda da Ustaz. Ƙari ɗaya kawai: jaridu sun ba da rahoto a 2025 cewa a makarantu da dama kuɗin lamunin yakan iso bayan ɗalibai sun riga sun biya da kansu, sai a koma neman a mayar musu. Saboda haka a nema da wuri, a kuma adana rasit na duk abin da aka biya.

Injiniya_Barnawa

Ina so in dawo kan ainihin tambayar, domin ni shaida ne. Mahaifina tela ne, kuma na yi digiri na biyu a Ingila da tallafin PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur, ba tare da na san ko masinja a ofishinsu ba. Na ga sanarwa, na cika fom a shafinsu, na rubuta bayanin abin da nake so in karanta da amfaninsa ga harkar mai da iskar gas, aka kira ni ganawa a gaban malaman jami'a, suka yi mini tambayoyi a kan aikin bincikena na aji ƙarshe har gumi ya karyo mini. Suna neman wanda ya fita da digiri mai daraja ta biyu babba, ya kuma gama bautar ƙasa, kuma ana la'akari da rabon jihohi, ma'ana ɗan Kaduna yana gogayya ne mafi yawa da 'yan'uwansa 'yan Kaduna. Ba na cewa ba a taɓa cusa sunan kowa ba, ni dai abin da ya faru da ni nake faɗa.

Abin da na lura da shi a wurin ganawar shi ne, mutanenmu da yawa sun san karatunsu amma ba su iya bayyana shi ba. A tambayi mutum me ya sa yake son wannan kwas, sai ya ce don ya taimaki ƙasarsa, ya yi shiru. Wanda ya zo ya ce ga matatar mai ta Kaduna, ga irin matsalar tsatsar bututu da ya karanta, ga abin da yake so ya koyo a kanta, shi ake saurara. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha, kuma yawancin abokan karatuna da suke cewa sai da hanya, ko fom ɗin ba su buɗe ba.

'Yar_Kafanchan

Ina gaishe ku duka. Yayana Injiniya, na ji daɗin labarinka, amma ka ce ka ga sanarwa, kuma a nan ne matsalarmu take. Kai kana cikin garin Kaduna. Yaron da yake ƙauyen Kauru ko Sanga ko Kachia, ko can Birnin Gwari da Giwa inda rashin tsaro ya hana mutane sakat, sau da yawa sai an rufe shafi labari yake isa gare shi. Ko ya ji da wuri, sai ya biya kuɗin mota zuwa gari, ya biya mai shagon intanet, shi kuma mai shagon yana cika wa mutum goma a lokaci guda, yakan sa lambar wayarsa da adireshin imel nasa a madadin na yaron. Idan aka turo gayyatar jarrabawa, tana zaune a akwatin mai shago har ranar ta wuce. Na ga wannan ya faru da wata yarinya a cocinmu, mai ƙoƙari ƙwarai. Tun daga lokacin muke karanta sanarwar tallafi bayan sujada ranar Lahadi, kuma ina ganin masallatan Juma'a ma za su iya yin haka.

Ustaz_Badarawa

Wannan shawara ce mai kyau, 'yar'uwa, kuma zan kai ta gaban kwamitin masallacinmu.

Mai_Shago_Kasuwar_Barci

Ni ina cikin masu cika wa ɗalibai fom, kuma abin da 'yar'uwa ta faɗa yana faruwa, ko da yake yawanci yaron ne yake zuwa ba shi da imel, ko ya buɗe ya manta lambar sirri. Amma babban abin da yake kayar da yaranmu a gabana shi ne saɓanin suna. A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a JAMB Muhammad, a NIN an sa sunan kaka a matsayin sunan mahaifi, a BVN kuma ranar haihuwa daban. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, tana ganin saɓani sai ta ajiye shi gefe, kuma babu wanda zai kira shi ya gaya masa dalili. Shi kuma sai ya tafi yana cewa an yi masa magudi. Gyaran irin wannan yana cin makonni, wani lokaci watanni, da takardar rantsuwa daga kotu. Malam Abban Sadiya, kafin komai ka zaunar da ƙannenka ka jera takardunsu a tabarma, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, sakamakon sakandare, NIN, ka duba harafi bayan harafi. Wanda kuma yake hangen waje ya san cewa tun watan Satumba na 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, sai a fara tari tun da wuri.

Abban_Sadiya

Na gode ƙwarai. Yanzu na duba, kuma lallai akwai bambancin ranar haihuwa a takardun ɗaya daga cikinsu. Ina kuma son jin bayani a kan na ƙasashen waje ga mai neman digiri na farko, domin na Injiniya sai an gama jami'a.

Ɗalibin_Konya

Yaya Abban Sadiya, ni a Turkiyya nake karatu da tallafin gwamnatin ƙasar, kuma daga makarantar gwamnati na fito. Ana buɗe nema daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Mai neman digiri na farko dole ya kasance ƙasa da shekara 21, na biyu ƙasa da 30, na uku ƙasa da 35. Ana neman kashi 70 cikin ɗari a sakamako ga digiri na farko, amma likitanci kashi 90 ne, kuma gogayyar ta likitanci tana da tsanani sosai, domin duniya ce gaba ɗaya take nema. Suna biyan kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi, da ɗan alawus na wata, sannan shekarar farko harshen Turkanci za a koya. Maganar shekaru ita ce nake so iyaye su riƙe, domin yaranmu da yawa sukan zauna a gida suna maimaita JAMB har su haura 21 ba su san wata ƙofa tana rufewa ba. Akwai kuma shirin Gidauniyar Mastercard da ake nema ta jami'o'in da suke haɗin gwiwa da ita, irin su Ashesi da KNUST a Ghana da Makerere a Uganda, kuma su talaka mai hazaƙa suke nema musamman. Ga masu karatun addini da Larabci, Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar sun daɗe suna ɗaukar 'yan Arewa.

Baba_Mai_Ritaya

'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a matsayin wanda ya ga jiya. Kada ɗokin fita waje ya rufe mana ido. Shirin BEA na gwamnatin tarayya, wanda yake tura yara Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary da Sin, ɗalibansa sun yi watanni ba a biya su alawus ba, a 2024 aka rage shi daga dala 500 zuwa 220 a wata, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ita ma ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025. Mun kuma ga yadda aka kwaso yaranmu daga Ukraine a 2022, da Sudan a 2023, wasu suna dab da gamawa. Kafin uba ya sa hannu, ya tambaya: wa zai biya, ƙasar da za a je ce ko gwamnatinmu? Idan kuɗin ya tsaya, yaron zai iya ci da kansa? Takardar da zai dawo da ita, hukumomin nan sun amince da ita? Likitan da ya karanta a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Nijeriya kafin ya taɓa majiyyaci. Yaron da ya sami ABU ya sami tallafin cikin gida, a wurina bai gaza kowa ba.

Ɗalibin_Konya

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce. Bambancin da ka kawo na wanda zai biya shi ne ginshiƙi, domin namu ƙasar da muke ciki ce take biya kai tsaye.

Malama_Unguwar_Rimi

Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato 'ya'ya mata. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma kusan kowace shekara waɗanda suke kan gaba a ajin kimiyya suna da makin da zai kai su ko'ina, amma da an ambaci wata ƙasa, ko ma wata jiha, sai a ce a gida ba a yarda ba. Ban zo in yi jayayya da damuwar iyaye ba, domin ni ma uwa ce kuma na san abin da ake tsoro. Abin da nake roƙo shi ne idan an hana ta na waje, to a tsaya mata a kan na gida da gaske, a bar ta ta je jarrabawar tantancewa ko da a Abuja aka sa, wani muharraminta ya raka ta. Na ga yarinyar da aka kira jarrabawa ta rasa saboda babu wanda ya ɗauki abin da muhimmancin da zai bar kasuwa yini guda. Ga matan da suka riga suka fara aiki kuma, Chevening ta Birtaniya digiri na biyu ne na shekara guda, babu iyakar shekaru, ana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu da alkawarin dawowa gida, kuma akwai matan aure 'yan Arewa da suka je suka dawo da yardar mazajensu.

Baba_Mai_Ritaya

Malama, a kan rakiya zuwa jarrabawa ina tare da ke ɗari bisa ɗari. A kan tura budurwa 'yar shekara 18 wata ƙasa ita kaɗai kuwa, ni dai ba zan ba da wannan shawara ba, kuma na san akwai masu ganin akasin haka.

Sakataren_Kawo

Gargaɗi ga kowa, tunda na ga an fara turo wasu hanyoyin shafuka a wasu zauruka. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, ko ya nemi lambar sirrin katin banki, ko ya ce a tura saƙon ga mutum ashirin a WhatsApp kafin shafi ya buɗe, ɗan damfara ne. Haka masu cewa suna da wani a ciki, a kawo kaza a sa suna. Imanin da muka yi cewa sai da hanya shi ne jarin waɗannan mutane, domin uban da ya gaskata haka shi ne yake sayar da akuyarsa ya kai musu.

Ɗan_Rigasa

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na karɓi shaidar Injiniya da ta ƙanenmu na Turkiyya, ba ni da dalilin ƙaryata su. Amma ku duba abin da kuka lissafa da bakinku: maki 4.0 a shekarar farko, Turancin rubuta bayani, imel, takardu marasa saɓani, fasfo na naira 100,000, kuɗin mota zuwa Abuja. Yaron da ubansa ma'aikaci ne a Malali ko Unguwar Rimi ya tashi ya tarar da waɗannan a gida, akwai mai duba masa rubutu, akwai mai gaya masa ranar rufewa. Yaron Rigasa da suke zama fiye da ɗari a aji ɗaya ba shi da ko ɗaya. To ko ba a cusa sunan kowa ba, sakamakon yana fitowa kamar an cusa. Shi ya sa har yanzu ban janye maganata ba.

Malam_Samaru

Ɗan'uwa, wannan magana ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba ni da abin da zan musa a cikinta sai kaɗan. Gaskiya ne gasar tana fifita wanda aka shirya tun daga gida. Inda muka rabu shi ne abin da za a gaya wa yaro. Idan ka ce masa an riga an raba, ba zai nema ba, ya rasa tabbas. Idan ka ce masa ana samu amma ga abubuwan da suka rage maka, to rabin waɗannan abubuwa mu da muke wannan zaure muna iya cike masa su ba tare da mun kashe kuɗi ba. Ni kaina ɗalibi yakan zo mini ana saura kwana ɗaya a rufe, yana neman wasiƙar shaida, ban san shi ba, bai taɓa yin tambaya a aji ba, sai in rubuta abin da ba zai amfane shi ba. Da wani babba ya gaya masa tun aji biyu cewa ya sa malamai biyu su san shi da aikinsa, da wasiƙar ta bambanta.

Ɗan_Poly_Tudun_Wada

Malamai, duk maganar ta tafi kan jami'a. Mu 'yan kwalejin fasaha da na kwalejin ilimi fa, muna da rabo a ciki?

Sakataren_Kawo

Kuna da shi. Tallafin tarayya ya haɗa da masu HND da NCE, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da ɗaga shi zuwa naira 450,000 a shekara ga masu digiri na farko da HND da NCE, 600,000 ga digiri na biyu, 750,000 ga na uku. MTN ma tana karɓar 'yan kwalejin fasaha, NELFUND kuma ta shafe ku. A ragin 2023 an mayar da kuɗin Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli daga 100,000 zuwa 50,000, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Inda HND take samun cikas shi ne neman digiri na biyu a waje, domin wasu jami'o'in sai an haɗa da babbar difloma ta PGD.

Bakano_A_Kaduna

Ni ina ganin jiha ce ya kamata ta ɗauki nauyin abin da yawa, kamar yadda Kano ta sanar da tura masu digiri mai daraja ta ɗaya su 1,001 karatun digiri na biyu a 2023, yawancinsu zuwa Indiya. Irin wannan yana sa yaro ya ga na unguwarsu ya tafi, shi ma ya sa rai.

Injiniya_Barnawa

Yana sa rai kam, amma a lissafa da canjin dala na yanzu. Kuɗin da zai kai mutum ɗaya waje zai iya biya wa ɗalibai masu yawa rajista a KASU, irin 'yar Maman Ilham da take tsaye a bakin ƙofa. Ni da na ci moriyar fita waje, ina ganin a taƙaita shi ga fannonin da babu su a nan, sauran kuɗin a zuba a gida. Ban da wannan, ina goyon bayan abin da Malam Samaru ya faɗa, kuma na ɗauki alkawarin zama ranar Asabar in duba wa duk mai neman digiri na biyu rubutunsa kyauta, idan aka samo mana aji a wata makaranta.

Malama_Unguwar_Rimi

Zan nemi izinin shugabar makarantarmu a kan ajin, kuma zan zauna da 'yan matan da kaina don iyaye su sami natsuwa. Maman Ilham, ki turo mini saƙo ta gefe mu duba takardun yarinyar tare.

'Yar_Kafanchan

Ina murna da wannan, amma idan a cikin garin Kaduna kaɗai za a zauna, to waɗanda na yi magana a kansu ba su shiga ba. Ina roƙon a sami wanda zai zo Kafanchan, wani ya je Saminaka, na Zariya kuma su duba Giwa da Makarfi da Ikara. Ni zan nemi ɗakin taro a nan, zan kuma kawo janareta saboda wuta. A sa ranar a cikin Nuwamba ko farkon Disamba, domin mai gyaran suna a NIN yana buƙatar lokaci kafin a buɗe na Turkiyya ranar 10 ga Janairu.